Sawun Leɓe a Kofi na Bakwai

Ranar Asabar da hantsi, a Zauren Masu Ɗanɗano na garin Huy da ke Beljiyam, alƙalai biyar suka ɗaga kofi na bakwai suka kai hanci. Kamar kullum, Dokta Lambotte likitan haƙori ne ya riga kowa buɗe baki.

"Matoshin kwalbar ya ci ta," in ji shi. "Warin jiƙaƙƙen kwali. Ku ji da kanku."

Suka ji kuwa. Madam Servais mai gidan abinci ta yamutsa fuska ta ture nata gefe. Shugaban zauren, Monsieur Dethier, ya ɗaga yatsa. Firmin mai zuba giya ya juye kofunan a bokiti, ya buɗe kwalba ta biyu ya sake cika su. Wari dai yana nan daram. Aka rubuta mata sifiri, aka wuce ta takwas.

Jan ruwan inabi iri goma sha biyu ake gwadawa duk shekara, kowace kwalba an zura mata baƙar safa don kada alƙali ya san ta wane ce. Wadda ta zo ta ɗaya ita za a sha a bikin gari, kuma ita gidajen abinci daga Huy har Namur za su ɗora a tebur shekara guda cur. Da rana ta raba aka cire wa kwalabe safa. Ta bakwai ta Ornella Bassi ce, 'yar mahaƙin kwal, wadda ta shigo da ita daga tsaunukan Valtellina na Italiya, inda ɗan kawunta yake sauko da inabi a kwando bisa gadon bayansa, don babu motar da ke iya hawa wurin.

Ornella ba ta tsaya kuka ba. Ta ratsa zauren, ta fizgi kwalbar, ta kafa kai ta sha a gaban manya da rigunansu na karammiski. Kowa ya zuba mata ido. Ta dangwara kwalbar gaban shugaba.

"Sha."

Dethier ya nemi sabon kofi ya kurɓa. Kunnuwansa suka yi ja. Giya dai lafiyarta lau, ƙamshinta kamar na busassun 'ya'yan itace da dutsen da ruwan sama ya daka.

"In ba a kwalba ba ne," in ji Lambotte yana murza gashin baki, "to a kofi ne."

Duk wuyan da ke zauren ya juya ƙofar ɗakin wanke-wanke, inda Zélie Hubin ke tsaye da tawul a kafaɗa. Shekara arba'in da ɗaya tana wanke kofunan gilashin nan da ruwan zafi zalla, tana goge su da ƙyallen da take dafawa da hannunta. Sabulu bai taɓa shiga ɗakinta ba. Amma laifi in ya rasa masauki, gidan wanda ba shi da rigar karammiski yake sauka.

"Madam Hubin," in ji Dethier, "ajiye makullin a nan. Za mu rubuto miki."

"Ka rubuto wa wa? Ka san ba na karatu. In kana da magana ka faɗe ta a nan, ga ni ga ka."

Takalminsa ya tsaya kallo. Ta wurga makullin a tebur, ya faɗa cikin kwanon da Madam Servais ke tofar da giya, ta fice.

Mutanen Huy, bakinsu ya fi ƙafarsu sauri. Da safiyar Lahadi Zélie ta shiga gidan burodi, hira ta mutu nan take kamar an zare mata waya.

"Zélie, 'yar'uwa," in ji matar mai burodin cikin muryar ta'aziyya, "an ce bilic na wanki kika zuba wa kofunan bisa kuskure. Tsufa ne, kowa zai je."

"Ni kuma na ji an ce Pirlot mai shagon giya ne ya saye ki," in ji wata daga baya, wadda ta ɗauka ba za a gane muryarta ba.

"Na ji ki, Maryvonne. Je ki wanke labulen tagarki tukuna, sannan ki zo mu yi zancen tsabta. Ke kuma ba ni burodina. Tsufan da bai hana ni ganin babban yatsanki a kan sikeli ba, ba zai sa in kasa bambance bilic da ruwa ba."

Ta fito tana huci. Aikin ba shi ne ya fi ci mata rai ba. Shekarunta sittin da bakwai, ba ta da gida nata, ba ta da takardar makaranta. Abu ɗaya ta tara a duniya, shi ne a ce kofin da Zélie ta wanke ko sarki ya sha da shi. Shi aka ɗauke mata a gaban jama'a, kuma a garin nan za a binne ta.

Ubanta mai bin sawu ne a dajin Ardenne. In masu kuɗi suka harbi barewa suka kuskure makasa, ta gudu da rauni, shi ake kira. Zélie ta bi bayansa tun tana 'yar shekara bakwai, lokacin da sa'o'inta ke aji. Yakan ce mata, ki saurari maharbi don ki san inda zai yi ƙarya, sannan ki durƙusa ki tambayi ƙasa. Ta maƙale burodin a hammata ta nufi shagon Ornella.

Ornella na jera kwalabe, ko juyowa ba ta yi ba.

"In gafara kika zo nema, Madam Zélie, ba ni da ita yau."

"Gafarar me? 'Yar nan, ni na riƙe ki uwarki tana shanya a layin masu kwal. Juyo ki dube ni. Na yi miki kama da mai ɓata kofi?"

Ornella ta juyo. Idanunta sun kumbura.

"Shekara uku ina lallashin ɗan kawuna ya ba ni giyar nan. Ya ce mutanen Beljiyam ba su san komai ba sai ta Burgundi ta Faransa. Na ce masa ya jira ya gani. To ya gani."

"Wa zai ji daɗin faɗuwarki?"

"Pirlot mana. Shi ke shigo da ta Burgundi, shi ke lashewa kusan kullum."

"Sai wa?"

"Lambotte ya sha rubutawa a shafinsa na jarida cewa giyar Italiya ta wanke ƙurar kwal ce daga maƙogwaro. Amma shi ko bakin ƙofar nan bai taɓa takawa ba, bai san ɗanɗanon tawa ba. Me zai ji tsoro?"

"Akwai saura?"

"Akwai."

"Ajiye ɗaya. Kada ki buɗe ta sai na ce."

Gaston Pirlot na zaune a bayan shagonsa, ƙafa ɗaya naɗe da bandeji a kan kujera, ciwon gaɓɓai ya tasar masa. Da ya hango ta sai ya fashe da dariya.

"A'a! Ga abokiyar sata ta zo! An ce na saye ki, Zélie. Nawa na biya? Faɗa min in gaya wa matata, tun jiya take tambaya."

"Kai da ko ruwan famfo ba ka ba mutum kyauta. Ina kake jiya da ƙarfe goma?"

"Nan, da ƙafar nan. Kwana huɗu ban taka ƙasa ba, tambayi likita. Kuma ki duba, tawa ta uku ta zo. Wani ɗan garin Liège ne ya lashe. In zan yi mugunta ai sai in yi wadda za ta amfane ni."

Zélie ta dubi bandejin. Ya yi datti a gefe, ƙasansa kuwa fari tas. Mutumin bai yi tafiya ba.

"To faɗa min, ta yaya ake sa kofi ya yi wannan warin ba da bilic ba?"

"Abu mai sauƙi. Ka samu kwalbar da matoshi ya ɓata sosai, ka ɗiga kaɗan a hankici, ka shafa cikin kofin. Ya bushe, ido ba ya gani. Duk giyar da ta shiga ta mutu."

"Wa ke da irin wannan kwalbar?"

"Duk mai rumbun giya a garin nan. Amma bari in rage miki aiki, cire alƙalai a lissafinki. Warin nan in ya shiga hanci yana dakushe shi sa'a guda. Saura giya biyar a gabansu. Babu alƙalin da zai kashe hancinsa da hannunsa, sun fi son hancinsu da matansu." Ya rage murya. "Wa ya san lambar kowace kwalba? Mutum ɗaya ne tak. Firmin, shi ke zura musu safa."

Ranar Litinin da safe Firmin ya zo buɗe ƙofar baya ta zauren, ya tarar da ita zaune a kan matakala. Shekarunsa hamsin da ɗoriya, amma ya ja baya kamar ya ga kare marar sarƙa.

"An hana ki shiga, Zélie."

"An hana ka shan ragowar kwalabe ma, shekara ashirin ina kallonka ban ce uffan ba. Buɗe."

Ya buɗe.

"Wa ka gaya wa lambar Ornella?"

"Na rantse da kabarin uwata, ko matata ban gaya wa ba."

"Matarka ba ta tambayar ka komai, ba abin rantsuwa ba ne. Ƙarfe goma na fita sayen burodin da alƙalai ke goge baki da shi. Na bar kofuna sittin a jere, kowane na rubuta masa lamba a gindi da farin alli. Kai ina kake?"

"A waje. Ni ke riƙe wa mai hoto laima, kin sani. Duk shekara sai an yi hoton nan a matakala."

"Duka biyar suna wurin?"

"Suna fitowa ɗaɗɗaya. Wannan ya manta hula, wancan ya koma neman lambar wuya. Mun fi minti ashirin kafin su cika."

Ta ture shi ta shiga ɗakin baya, inda ake jera kwalabe a buɗe su sha iska kafin a zuba. Dogon teburin katako ne, an share shi. Ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara, ta kawo idonta daidai da katakon. A cikin tsagar da ke wuri na bakwai akwai wasu jajayen ɓarɓashi. Ta lakato da farce ta murza.

"Kaki," in ji ta. "Kwalbar wa ake liƙe wa baki da jan kaki?"

"Ta Ornella kaɗai. Sai an farfasa shi kafin a kai ga matoshi."

"Ka sa wa kwalba safa, ka bar sunanta a zube a gabanta. Kai dai an yi sakarai. Wa ya bi ta nan?"

"Hanyar bayan gida ce fa."

"Na sani. Wa ya bi?"

"Zélie, ƙaraminsu shekararsa sittin da biyu. Duka suka bi. Wani ma sau biyu."

Sawu ya watse ke nan. Mutum biyar sun ga kakin, mutum biyar sun sami zauren ba kowa. Ta tsaya tana tauna maganar Pirlot, cewa babu alƙalin da zai kashe hancinsa da hannunsa. Pirlot maƙaryaci ne a kan farashi, amma a kan wannan gaskiya ya faɗa. To in alƙali ne ya yi, kuma ba zai kashe hancinsa ba fa?

"Ina kofunan?"

"A ɗakin ƙasa, cikin akwatuna. Ban taɓa su ba, tsoron fasawa nake. Shugaba ya ce gobe wani kamfani zai zo ya zuba su a inji."

"Inji!" Ta tofar da yawu gefe. "Kunna min fitila."

Firmin ya hargitsa su wajen kwashewa, na wane ya haɗu da na wane. Ta bi gindinsu ɗaya bayan ɗaya. Baƙaƙe ne ba ta sani ba, lamba kam ta san ta. Ta ware masu lamba bakwai guda biyar ta jera a kan ganga. Ta shinshina na farko, jiƙaƙƙen kwali. Na biyu haka, na uku haka, na huɗu haka. Ta fita ta shaƙi iska har hancinta ya washe, ta dawo ta ɗauki na biyar.

Ta daɗe da hanci a ciki. Sannan ta ɗaga shi saitin fitila tana juya shi a hankali, tana bin bakinsa da ido. Sai ta yi wata dariya da ta sa Firmin ya matsa kusa da ƙofa.

"Yaushe za su zauna rubuta takardar korata?"

"Yau, ƙarfe biyar."

"Je ka gaya wa Ornella ta kawo kwalbar nan. Ka ɗora min ruwan zafi."

Ƙarfe biyar alƙalai na zaune a babban tebur, Dethier na karanta musu abin da ya tsara. Tagogin zauren na kallon dandalin gari, inda mutane suka cika kujerun masu shayi suna shan iskar yamma. Ƙofa ta buɗe ba sallama. Zélie ce da tire, Ornella na biye da kwalba, Firmin na can baya rungume da ƙaramin akwati.

"Madam Hubin, wannan zama ne na 'yan ƙungiya."

"Zaman kaina ake, Monsieur Dethier, dole kaina ya halarta. Kun ce ban san kofi ba. Inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. Ga ƙasa. Kofi biyar, yanzu na wanke su. Kowa ya kurɓa sau uku yadda ya saba. Zan juya wa bango fuska, Ornella ta hargitsa su. In na kuskure ko ɗaya, ni da kaina zan dangwala yatsa a takardarku."

"Wasan yara," in ji Lambotte.

"Ni dai ina so in ɗanɗana giyar nan a kofi mai kyau," in ji Madam Servais. "Zuba, 'yar nan."

Aka zuba. Zélie ta juya baya. Ba a jin komai sai kurɓa da tofi. Wani ya ce, "Kai!" a hankali. Ornella ta tattara kofunan ta cakuɗa su a tire.

Zélie ta juyo ta ɗaga na farko saitin taga.

"Monsieur Collignon. Yatsu biyar a jikin kofin, kamar mai riƙe da tuffa. Shekara talatin ana ce maka a siririyar ƙafarsa ake riƙewa."

Collignon ya ɓoye hannunsa ƙarƙashin tebur.

"Wannan na Monsieur Renson ne, ga ɓarɓashin burodi. Ba ya iya haɗiyewa kafin ya kurɓa. Wannan na Madam ne, leɓe kaɗan kamar tsuntsuwa. Wannan na shugaba, babban yatsa a gindi, leɓe a wuri ɗaya, mai kauri." Ta ɗaga na ƙarshe. "Wannan kuwa sawu uku ne a wuri uku. Likitan haƙori ba ya mayar da baki inda ya riga ya sa. Kowace kurɓa sai ya juya kofin."

"Ni ba na yin haka," in ji Lambotte.

"Kai ba ka san kana yi ba. Ni da ke goge shi na sani."

Madam Servais ta tafa hannu tana dariya. Zélie ba ta yi dariya ba. Ta karɓi akwatin daga hannun Firmin, ta fito da kofuna biyar na ranar Asabar, kowane da bakwai a gindinsa.

"Shugaba, ka ce kana da hanci. Bismilla, shinshina."

Dethier ya bi su. Huɗu ya yamutsa fuska. A na biyar ya tsaya, ya sake shinshinawa.

"Wannan ba shi da wari."

"Ba shi da shi. Wanda ya shafa wa mutane ruɓa ya tsallake nasa, don yana son hancinsa. Yanzu ɗaga shi ka duba bakinsa. Huɗun can, wani ko leɓe babu, wani ɗaya tak, don kun ji wari kun ture. Wannan fa? Ƙirga."

Dethier ya juya kofin yana motsa baki. "Tara."

"Tara, a wuri tara, sun zagaye shi kamar sarƙar wuya. Ba a nan ya tsaya ba. Kofin da aka juye a bokiti, jan layin giyar yakan fita ta inda babu leɓe. Duba wannan. Layin ya taso daga gindi ya tsaya daidai kan sawun ƙarshe. Ba a zubar da ita ba, shanye ta aka yi, har ɗigon ƙarshe. A zauren da alƙali ba ya haɗiyewa. Lokacin da duk kuka saki baki kuna kallon Ornella, wani yana can yana shagali."

Babu wanda ya kalli Lambotte, kuma kowa shi yake kallo.

"Wataƙila ƙyallenta mai datti ne bai taɓa nawa ba," in ji shi. "Sa'a ce kawai."

"To sa'a ce. Wa ya fara cewa matoshi ya ci ta? Da wane hanci ka ji warin da babu shi a kofinka? Madam, karanta min abin da ya rubuta a takardarsa, ni ba na karatu."

Madam Servais ta jawo takardun Asabar ta bincika. Dariyar ta bar fuskarta.

"Ya rubuta, ruɓaɓɓiya, ba ta shayuwa. Sifiri."

"Ba ta shayuwa," in ji Zélie. "Sau tara."

Lambotte ya cire tabarau ya ajiye. Ya tsufa a wurin, ana kallo.

"Wata biyu da suka wuce," ya ce, "wani abokina a Liège ya zuba min giya, ban ga kwalbar ba. Na ce ta Burgundi ce, har na faɗi sunan gonar da shekarar. Na ce na yi shekara goma ban sha kamarta ba. Ya fito da kwalbar, ga jan kaki a bakinta, giyar Italiyar nan ce. Mutum takwas a teburin, har da masu hawaye don dariya." Ya dubi Dethier. "Aimé, na san da an zuba ta a nan ni da kaina zan ba ta ta ɗaya. Bayan duk abin da na rubuta shekara talatin. Ina zan sa fuskata?"

"Sai ka sa ta a kofina," in ji Zélie.

"Ban yi nufin ya faɗa kanki ba, Madam Hubin. Na ɗauka za a ce matoshi ne a wuce wurin."

"Kai ka ce a kofi ne. Da bakinka, kana murza gashin baki. Ina tsaye."

Ornella ta ɗora hannu biyu a tebur. "Ubana ya mutu da ƙurar kwal a huhu, Dokta. Bai taɓa samun irin wannan ya wanke ta ba."

Dethier ya yi gyaran murya, ya ninke takardar kora ya tura aljihu.

"To, abin ya fito fili. Za a sake gwajin ranar Asabar, Madam Bassi, da alƙalai huɗu. Dokta zai ajiye rigarsa saboda rashin lafiya. Madam Hubin za ta dawo bakin aikinta gobe. Ina ganin mu bar maganar a cikin ɗakin nan, don mutuncin zaure."

"Rashin lafiya," in ji Zélie. "Shi a ba shi rashin lafiya, ni a ba ni bilic. A cikin ɗaki aka zubar min da mutunci? A gaban mutum ɗari ka kore ni. Yanzu haka akwai matar da ke gaya wa jikokinta tsohuwar nan ta karɓi cin hanci. In na dawo gobe shiru, cewa za su yi tausayina kuka ji. Ba na son tausayinku. Sunana nake so."

"Me kike so a yi?"

"Ba shi alƙalami. Shi ne marubuci."

Madam Servais ce ta miƙa masa, har da juya masa bayan takardarsa ta Asabar. Lambotte ya rubuta. Ya tura wa Zélie.

"Me zan yi da ita, in dafa? Karanta min. Ba nan ba." Ta je ta zare sakatar babbar taga ta tura ta waje. Hayaniyar dandali ta shigo, cokula da dariya da kukan tattabaru. "Nan."

"Aimé," in ji Lambotte, "don Allah."

Dethier ya koma kallon takalminsa.

Likitan ya taka zuwa taga kamar mai tafiya cikin ruwa. Na ƙasa suka fara ɗago kai, wani ya zunguri wani, hira ta yanke tebur bayan tebur.

"Ni, Hector Lambotte," ya karanta, "ni na ɓata kofunan gwajin Asabar da hannuna. Giya ta bakwai ba ta da aibi. Madam Zélie Hubin ba ta da laifi ko kaɗan."

Ya sauke takardar zai juya. Zélie na tsaye a gefensa, hannuwa harɗe a ƙirji, tana kallon can ƙarshen dandali inda wani tsoho ya kara tafin hannu a kunne.

"Ɗaga murya, Dokta," in ji ta. "Na can baya ba su ji sunana ba."

Ya sake ɗaga takardar.